Zobon da Aka Ce Ya Zama Giya

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu da fara karatu a Alƙahira, da ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Alhamis aka buɗe kwalbar farko ta zobon da na haɗa. Na riƙe lokacin ne saboda idona na kan agogon bangon falon, ina lissafin saura minti nawa a tashi in koma ɗakina. Ni dama taro bai taɓa yi mini daɗi ba. Idan mutane suka wuce huɗu, muryata takan maƙale.

Walimar ƙawata ce, wadda muke ɗaki ɗaya da ita, 'yar Damagaram. Ta kammala haddar Alƙur'ani, sai malamarmu ta tajwidi, wata Hajiya da ke zaune a unguwar Muhandisin tare da mijinta, ta ce a zo gidanta a yi walimar. Kowa ta ɗauki abin da za ta kawo. Ni da ba na iya tsayawa gaban mutane in yi jawabi, sai na ce zan kawo abin sha. Na yi niyyar in yi zobo irin na mahaifiyata, wanda duk unguwarmu a gida an san shi, don ƙawata ta san ina taya ta murna ko da bakina bai faɗa ba.

Yayarmu ce ta ɗauki kwalbar farko. Ba 'yar uwata ta jini ba ce, ita ce babba a gidan da mu biyar muke haya a unguwar Ardul Liwa, tana karatun digiri na biyu, kuma a hannunta mahaifina ya danƙa ni ranar da na iso. Tana murɗa murfin sai muka ji tsss, kafin ta ɗauke hannu jar kumfa ta yi tsalle ta wanke mata farin hijabi tun daga haɓa har gwiwa. Aka yi dariya. Wata ta ce ai girgizar tuk-tuk ce, keke napep ɗin da aka ɗauko su a ciki, a buɗe wata. Aka buɗe ta biyu, ita ma ta yi ambaliya a kan kafet ɗin Hajiya. Ta uku kuwa murfin ne ya kuɓuce ya bugi fanka.

Daga nan dariyar ta tsaya.

Yaya ta ɗaga kwalbar sama tana kallon kumfar da ke ci gaba da tasowa a hankali. Ta ce, "Yaushe kika haɗa wannan?"

Na ce, "Jiya da safe, Yaya."

"Kuma jiya sau nawa aka ɗauke wuta?"

A shekarar ana yawan ɗauke wuta a Alƙahira, ga zafi. Na ce sau biyu. Ta ajiye kwalbar a hankali, ta ce kada wadda ta sha.

Duk wadda ke falon nan ta san abin da take nufi, domin dukanmu mun karanta babin abin sha a fiƙihu. Ruwan da aka jiƙa 'ya'yan itace a ciki, idan ya daɗe har ya fara tafasa da kansa ba tare da wuta ba, yana jefo kumfa, to ya kama hanyar zama giya. Ƙawata ta yi ƙoƙarin kare ni. Ta ce, "Haba Yaya, lemun kwalba ma ai yana kumfa." Yaya ta ce, "Shi a kamfani ake ɗura masa iska. Wannan wa ya ɗura masa?"

Sai aka fara zagayawa da kwalbar ana shinshinawa. Abin da har yau ke ba ni dariya shi ne, a cikinmu babu wadda ta san warin giya, amma kowa ta kai hanci sai ta gyaɗa kai ta ce, "Lallai kam." Ni ina tsaye a bakin ƙofar kicin. Kwalba talatin da shida na kawo. A gabana aka juye su duka a magudanar ruwa, aka aika aka sayo ruwan mangwaro. Ƙawata ta karanta ayoyin da za ta karanta, amma hankalin mutane ya riga ya rabu.

Da muka dawo gida Yaya ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta san ban yi da gangan ba, amma mata kusan ashirin sun gani, kuma kowace tana da waya. Ta ce, "Gara Babanki ya ji daga bakina da ya ji a bakin wani a ƙofar masallaci. Amana ya ba ni."

Mahaifina da ƙyar ya yarda na zo Masar. Shekara guda mahaifiyata ta yi tana lallashinsa, 'yan uwansa na cewa ba a tura 'ya mace wata ƙasa ita kaɗai. Na san idan ya ji an ce 'yarsa ta kai giya walimar Alƙur'ani, ko da bisa kuskure ne, ba zai tsaya jin bayani ba. Zai ce in tattara littattafaina in dawo.

Na ce, "Yaya, ki ba ni mako ɗaya."

Ta ce, "Ki yi me da shi?"

Na ce, "In gano abin da ya faru."

Ina jin ta yi mamakin jin jimla biyu a jere daga bakina. Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Zuwa Juma'ar makon gobe."

Ni mutum ce mai rubuta komai. Ko shinkafa zan dafa sai na auna ruwa da kofi. Ranar da zan haɗa zobon nan na rubuta kayan da na sa da adadinsu a bayan littafin nahawuna: zobo, wanda su a can suke kira karkade, citta, kanumfari, ɓawon abarba, sukari. Na buɗe shafin na zauna ina kallonsa kamar mai shirin jarrabawa.

Da farko na zargi kwalaben. Na gilashi ne, na ruwan 'ya'yan itace, wata biyu na yi ina tara su. Na ce wataƙila ban wanke su da kyau ba. Ranar Juma'a na dafa su a ruwan zafi, na haɗa sabon zobo kaɗan, na ɗura, na sa a firji ya kwana. Asabar da safe na buɗe a cikin bahon wanka, kumfa ta wanke mini hannu. Na ce to ɓawon abarba ne, na cire shi. Lahadi ma kumfa. Na cire citta. Litinin kumfa. Na rage sukari har zobon ya koma kamar magani. Talata kumfa.

Ƙawata ta tsaya a ƙofar banɗaki tana kallona da littafi a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Ta ce, "Malama, yanzu kam kin zama mai sana'a. In kin buɗe shago ki sa ni a kanta."

Na ce, "Ke walimarki na ɓata, kuma kina dariya?"

Ta ce, "Ai haddata ba a kwalba take ba. Ke dai ki ci abinci, kwana biyu ina ganin ba ki taɓa komai ba sai wannan jan ruwan."

A waje kuwa labari ya fara yawo. A harabar makaranta wasu ɗalibai biyu da muke gaisawa suka ga na nufo su sai suka yi shiru. Wata ta turo mini saƙo mai tsawo kan illar giya, ta rufe da cewa tana yi mini addu'a. Na je ɗakin karatu na sake karanta babin nan daga farko har ƙarshe, ina neman inda za a ce abin sha zai iya juyawa a dare ɗaya a cikin firji. Ban samu ba, amma ban samu abin da zai wanke ni ba.

Ranar Laraba bayan azahar na sake dafa wani. Kwalaben gilashin duk suna jiƙe a baho, sai na ɗauki robar ruwan sha da ba komai a ciki. Na sanyaya zobon da ƙanƙara, na ɗura, sannan na yi abin da nake yi kullum a ƙarshe, wanda ban taɓa rubuta shi a littafi ba.

A gida mahaifiyata takan sa ɗan ruwan kanwa a zobo don ya kashe tsami. Da na zo haɗa nawa na nemi kanwa a Ardul Liwa ban samu ba. Na je wurin wani tsoho mai sayar da kayan yaji a bakin layinmu, na yi ta kwatanta masa da Larabcina na littafi, yana dariya. A ƙarshe ya ce, "Ah, karbonato kike so, 'yata," ya ƙulla mini wani farin gari a takarda, irin wanda suke sa wa wake don ya yi laushi. Na ɗanɗana, na ji kusan ɗaya da kanwa. Tun daga ranar a raina sunansa kanwa, kuma kanwa abin Umma ce, ba abin da za a zarga ba. Shi ya sa ma bai shiga jerin ba. Na cire abarba, na cire citta, na zargi firji, na zargi kamfanin wuta, amma wannan garin kullum sai na sa.

Kuma saboda tsabar son daidaito, ba a tukunya nake zuba shi ba. Ina so kowace kwalba ta samu rabonta daidai, kada wata ta fi wata tsami. Sai in ɗura zobo mai sanyi, in auna garin da bakin ƙaramin cokali, in jefa, in murɗe murfi nan take, in girgiza. 'Yar kumfar da nake gani a sama na ɗauka ta girgizar ce.

Ranar nan ina girgizawa sai na ji robar tana tauri a hannuna. Na matsa ta da yatsa, ta ƙi lotsawa. Gilashi ba ya nuna wannan, shi ya sa kwana shida ban lura ba. Na dubi agogo. Ko minti biyu ba a yi ba da na rufe. Na kai ta baho na buɗe, kumfa ta yi tsalle kamar ta gidan Hajiya.

Na zauna a bakin bahon ina dariya ni kaɗai. Zobon da aka sauke daga wuta ɗazu, bai kwana ba, bai ga ɗauke wuta ba. Babu abin da ke zama giya a minti biyu. Na sake ɗura roba biyu, ɗaya da garin, ɗaya babu. Mai garin ta yi tauri, ɗayar ta zauna lafiya. Na maimaita sau uku, don ni ban yarda da sau ɗaya ba. Wata maƙwabciyarmu mai karatun haɗa magunguna ta bayyana mini daga baya cewa idan garin nan ya haɗu da abu mai tsami yakan saki iska, irin iskar da ke cikin lemun kwalba. Ashe tambayar Yaya tana da amsa. Ni ce na ɗura masa iskar da hannuna.

Gano abin bai kai faɗarsa wuya ba. Na san idan na je na ce wa Yaya ga abin da na gano, za ta yarda, amma sauran matan fa? Su da ido suka gani, da ido kuma ya kamata a warware musu. Na kira Hajiya, na roƙe ta ta sake tara duk wadda ta halarci walimar gobe Alhamis bayan la'asar. Ta ce, "Ke da kanki za ki yi magana?" Na ce eh. Ta ce, "To wannan kam ko don in gani sai na tara su."

Ba duka suka zo ba, amma falon ya cika. Ban kawo zobo daga gida ba. Busasshensa na kawo a leda, da sukari, da ƙanƙara, da robobin ruwa guda biyu da ba a taɓa buɗewa ba. Na ce, "Yaya, don Allah ke za ki dafa." Ta ɗaga gira, amma ta tashi ta shiga kicin ɗin Hajiya. Ita ta dafa, ita ta tace, ita ta zuba ƙanƙara. Muka juye ruwan robobin a jug, ta ɗura zobon da hannunta.

Na tsaya a tsakiyar falo. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, amma da na buɗe baki sai na manta da ita. Na ce, "Wannan zobon, akwai wadda take shakkar halaccinsa?" Aka ce babu. Na miƙa wa Hajiya ƙullin garin, na ce ta duba. Ta ce, "Karbonato ne, ga shi can a kicin ɗina ma." Na auna a bakin cokali, na jefa a roba ɗaya, na rufe, na girgiza, na miƙa wa Yaya.

"Ki matsa ki ji."

Ta matsa. Na ga fuskarta ta canza.

"To ki buɗe."

Ƙawata ta ce, "Yaya, ki dai matsa daga kan kafet." Ba ta ƙarasa ba kumfa ta tashi. Hijabin Yaya na ranar ruwan toka ne, shi ma bai tsira ba. Falon ya kaure da salati da dariya. Na buɗe ɗaya robar da ba a sa mata komai ba, ko motsi ba ta yi ba.

Hajiya ta bari hayaniyar ta lafa, sannan ta ce, "Kun ga abin da nake gaya muku a aji. Kumfa alama ce da malamai suka ambata, amma abin da aka haramta shi ne mai sa maye. Ranar nan dukanmu mun tsaya a alama, har da ni. Yarinyar nan ce kaɗai ta je ta bincika."

Yaya na tsaye, zobo na ɗiga daga hijabinta. Ta dubi abin da ya rage a robar, ta yi bisimilla, ta ɗaga ta shanye a gaban kowa. Ta goge baki ta ce, "Ƙanwata, ki yafe mini. A gaban mutane na kunyata ki, a gabansu nake neman afuwa." Ta juya ga sauran ta ce, "Duk wadda ta kai labarin farko wani wuri, ta kai wannan ma can. Yalla, maza ku fito da wayoyinku yanzu ina gani."

Wadda ta turo mini saƙon nasiha ita ta fara miƙo kofi. Ƙawata kuwa ta ce tunda an ɓata mata walimar farko, wannan ce ta gaskiya, ta zauna ta sake karatunta daga inda ta fara a wancan makon. Wannan karon kowa ta saurara. Da muka fito, muna tsallaka layin dogo za mu shiga unguwarmu, na lura tun daga ƙofar Hajiya nake ta surutu ban tsaya ba. Ƙawata ta ce, "Wai ke ce kuwa? A mayar mini da ƙawata mai shiru." Washegari Juma'a Yaya ta yi waya da mahaifina kamar yadda suka saba. Ina jin ta daga ɗakina tana cewa, "Lafiya lau take, Baba. 'Yarka akwai kai."

Har yau idan na tuna makon nan, ba wanke sunana ne ya fi tsaya mini a rai ba, duk da ya yi mini daɗi ƙwarai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne shafin nan na bayan littafin nahawu. Na rubuta komai a ciki, ban da abu ɗaya da na amince da shi, kuma shi ne mai laifin. Yanzu da nake koyarwa, idan lissafi ya ƙi fita, abin da na tabbatar da shi nake fara dubawa. Kuma tun daga ranar ban ƙara jin tsoron tsayawa gaban mutane kamar da ba. Ina jin kunya har yanzu, amma na san muryata tana fita idan ina da abin faɗa.

Saura tambaya ɗaya da ta hana ni sakat. Idan na bar garin, zobon ya yi tsami, ba irin na gida ba. Idan na sa, ya yi kumfa. To me ya sa na mahaifiyata, da take sa kanwa shekara da shekaru, bai taɓa wanke wa kowa hijabi ba? Duk makon nan na ɓoye mata abin da ake ciki don kada hankalinta ya tashi. Da komai ya wuce sai na kira ta, na ba ta labari tun daga ƙarfe biyar saura kwata har zuwa robar da Yaya ta shanye. Ta yi ta dariya har tana tari, ina jin tana kiran ƙanwarta ta zo ta ji.

Da ta nutsu sai ta ce, "Tsaya tukuna. A ina kika ce kina zuba kanwar?"

Na ce, "A kwalba, Umma. Kowace da ma'auninta, don su zo daidai."

Ta ce, "Ikon Allah. Ke 'yar nan, duk tsayuwar da kike yi a bayana a kicin, littafi kike karantawa ashe? Kanwa ai a tukunya ake sa ta, yana kan wuta, a buɗe. Zai taso ya yi kumfarsa, ki bar shi ya gama, ya kwanta da kansa, sannan ki sauke. Nawa ma yana kumfa kullum. Ni dai ba na rufe shi sai ya gama."